Ɗalibin Noma Da Damin Harawa: Horon Sanin Makamar Aiki Ya Bi Damina, Ba Kalandar Makaranta Ba

Gabatarwa

Da zarar watan Maris ya kama a ƙasar Hausa, kasuwar harawa takan fara tashi. A bakin titunan Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano akan ga amalanke da jakuna ɗauke da dammunan harawar wake da ta gyaɗa, masu tumaki da awaki suna ciniki. Duk mai kiwo ya san cewa damin da aka sayar da araha a lokacin kaka, a bazara sai wane da wane. A wannan lokacin ne dabba take ramewa, nono yake ƙafewa, iskar bazara kuma take kwashe saman ƙasar gonakin da aka bari tsirara.

Bayan wannan dami akwai wani fagen ilimi da ba a cika yin zancensa ba, wato binciken inganta irin tsirran da dabbobi ke ci da waɗanda ake shukawa domin su rufe ƙasa. Kowace shekara jami'o'i da kwalejojin noma na Nijar da Nijeriya suna tura ɗalibai cibiyoyin bincike domin su koyi sanin makamar aiki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a wannan fage na musamman, horon ƴan makonni ba ya haifar da masani. Ɗalibin da ake so ya zama mai inganta irin harawa ko na ciyawa, dole ne a bar shi ya ga shekarar noma guda sukutum: daga shuka zuwa girbi, daga girbi zuwa ranar da tunkiya za ta ci damin ko ta juya masa baya.

Bayanin Kalmomi

Horon sanin makamar aiki shi ne zaman da ɗalibi yake yi na wani lokaci a ma'aikata ko cibiyar bincike, yana aiki a ƙarƙashin gwani, kafin ya kammala karatunsa. A Nijeriya an tsara shi tun 1973 a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da SIWES, kuma ɗaliban digirin noma, wanda karatun shekara 5 ne, sukan ware shekara ta 4 domin aikin gona. A Nijar ma ɗaliban tsangayoyin noma na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi sukan fita irin wannan horo, su rubuta rahoto ko kundi a ƙarshensa.

Tsirran abincin dabbobi sun haɗa da ciyayi irin su gamba da kyasuwa da burgu, da kuma dangin wake irin su gadagi da lablab, har da waken gida da gyaɗa idan harawarsu ake nufi. Tsirran rufe ƙasa kuwa su ne waɗanda ake shukawa domin su lulluɓe gona, su hana ruwa da iska kwashe ƙasa, su danne haki, wasunsu kuma su ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin ta hanyar ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwoyinsu. Inganta iri shi ne aikin zaɓar tsirrai masu kyawawan halaye, a haɗa su barbara, a yi ta tace zuriyarsu har a sami sabon iri mai tsayayyen hali da manomi zai iya dogara da shi.

Darasin Gamba

Kafin a yi maganar ɗalibai, yana da kyau a dubi abin da ake asara idan aka rasa masana. Ciyawar gamba, wadda Bahaushe yake yin zana da jinka da ita, yake kuma dasa ta a kan iyakar gona, ta yi tafiya mai nisa da sunanta na Hausa, domin ko a Turancin Ingilishi da wannan sunan ake kiran ta. A 1973 aka ɗauki irinta daga tashar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya zuwa cibiyar CIAT ta ƙasar Kolombiya. Masana can suka gwada ta shekara da shekaru, suka ga tana jure fari da ƙasa mai tsami marar taki. A 1980 aka fitar da ita ga makiyaya da sunan Carimagua 1 a Kolombiya, a Barazil kuma da sunan Planaltina, aka shuka ta a manyan filayen kiwo.

Ciyawar ta nan ce, amma aikin tacewa da gwaji a can aka yi shi, ribar ma can ta fi zama. Ba wani siddabaru aka yi ba. Mutane ne aka horar, aka ba su fili da lokaci, suka auna tsayin ciyawar da yawan ganyenta da ranar da take fure da yadda iri yake nuna a kanta, damina bayan damina.

Labarin gamba yana da ɓangare na biyu, wanda shi ma darasi ne. A arewacin Ostireliya an shigar da ita domin kiwo, sai ta tsere daga gonaki ta mamaye dazuzzuka. Tana tsayi fiye da ciyayin ƙasar, idan ta bushe kuma gobarar da take haddasawa takan kashe har itatuwa. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi da ake yaƙi da su a faɗin ƙasa. Abin da ya zama alheri a wani wuri ya zama annoba a wani. Mai inganta iri, ke nan, ba a littafi kaɗai yake sanin tsiro ba. Sai ya zauna da shi a muhallinsa ya ga halinsa a kowane lokaci na shekara.

Darasin Wake Mai Amfani Biyu

Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Da daɗewa manoman ƙasar Kano suna shuka iri biyu a cikin gero da dawa: mai saurin nuna kamar Ɗan Ila domin ƙwaya, da mai daɗewa yana yaɗo kamar Kanannado, wanda yake bayar da harawa mai yawa. Farkon sababbin ire-iren waken da cibiyoyin bincike suka fitar sun fi mayar da hankali ga ƙwaya. Gajeru ne, masu miƙewa tsaye, suna nuna cikin kwana 60 zuwa 70, amma ganyensu kaɗan ne, yakan kuma zube kafin a cire su. Manomi da yawa suka karɓe su da hannu ɗaya, suka ci gaba da riƙe nasu na gado da ɗaya hannun, domin a wurinsu gonar wake ba ta cika amfani ba idan dabbobin gida ba su sami rabonsu ba.

Bayan da cibiyar IITA ta buɗe tasharta ta Kano a 1990, masanin wake B. B. Singh da abokan aikinsa, tare da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ICRISAT da cibiyoyin ƙasa irin su IAR ta Samaru da INRAN ta Nijar, suka mayar da hankali ga wake mai amfani biyu, wato mai ba da ƙwaya da harawa a lokaci guda. Daga wannan aiki aka sami ire-ire irin su IT90K-277-2, aka kuma yaɗa tsarin shuka layi 2 na hatsi da layi 4 na wake, domin waken ya sami hasken rana.

Sunayen waɗannan ire-ire ma suna ba da labari. A cikin sunan IT97K-499-35, haruffan farko na cibiyar ne, 97 na nufin shekarar 1997, K kuma Kano. Wannan iri, wanda yake jure wuta-wutar wake, sai a 2008 aka fitar da shi a hukumance a Nijeriya da sunan SAMPEA 10. Shekara 11 ke nan tsakanin lamba da hannun manomi. Juriyar wuta-wuta da ake taƙama da ita a ire-iren wake da dama kuwa, an samo tushenta ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana mai lamba B301, wanda shi kansa ƙwayarsa ba ta da farin jini a kasuwa. Sai da aka yi ta haɗa shi da wasu ana tacewa kafin a raba halin da ake so da wanda ba a so.

Aikin da yake cin shekara 10 ko fiye yana buƙatar magada. Masanin da ya fara haɗa iri yana da shekara 50, da wuya ya ga ƙarshen abin da ya fara yana bakin aiki. Idan babu matashin da ya tsaya a gefensa ya koyi hannu, ranar da ya yi ritaya ko ya rasu sai a wayi gari da ambulan na iri a cikin firiji da littattafan lambobi da babu mai iya fassara su.

Darasin Sitailo Da Mukuna

Akwai wasu misalai biyu da suke nuna cewa kyawun tsiro a tashar bincike ba shi ne karɓuwarsa ba. A shekarun 1980 cibiyar ILCA, wadda daga baya ta shiga cikin ILRI, ta gwada abin da aka kira rumbun ciyawa tare da Fulani mazauna kudancin Kaduna. Akan killace fili mai kimanin hekta 4, a shuka wani tsiro dangin wake da aka kawo daga Kudancin Amurka mai suna sitailo, a riƙa sakin shanu su ci na ƴan sa'o'i a kullum a lokacin rani. Shanun sun amfana, gonar da aka noma bayan sitailo ita ma ta ƙara albarka. Amma tsadar shinge, da gobarar daji, da rashin tabbacin mallakar fili ga makiyayi, sun hana abin bazuwa yadda aka yi fata.

A kudancin Jamhuriyar Benin kuma, daga 1987 aka fara gwada mukuna, wadda ƴar'uwar ƙarara ce amma marar ƙaiƙayi. Masana sun kawo ta ne domin gyaran ƙasa, manoma kuwa suka so ta saboda wani dalili daban: tana danne tofa, ciyawar da ta kore su daga gonakinsu. Ta bazu sosai a shekarun 1990 lokacin da ƙungiyar Sasakawa take sayen irinta, sannan ta ja baya da kasuwar irin ta ragu, domin ƙwayarta tana ɗauke da wani sinadari da yake hana a ci ta sai an yi mata doguwar wahala.

Kudancin Benin yana da damina biyu a shekara, don haka manomi zai iya sadaukar da ɗaya ga mukuna. A ƙasar Hausa damina ɗaya ce, ta wata 3 zuwa 5, kuma da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi. Gwaje-gwajen da aka yi a tashar ICRISAT ta Sadore da ke kudu da Yamai sun nuna cewa barin karan gero a kan gona yana rage zaizayar iska yana kuma ƙara yabanya, amma karan nan shi ne abincin shanu, shi ne makamashi, shi ne danga. Saboda haka tsiron rufe ƙasa da zai zauna a wannan yanki sai ya kasance mai biyan buƙata biyu ko uku: ya rufe ƙasa da damina, ya ba mutum ƙwaya da kaka, ya ba dabba ganye da rani. Wanda bai ga waɗannan lokuta uku da idonsa ba, ba zai iya zaɓar irin wannan tsiro ba.

Abin Da Ɗalibi Yake Koya A Gonar Gwaji

Aikin inganta iri jere yake, kowane mataki da lokacinsa. Kafin ruwa ya sauka ake ƙirga iri a zuba a ambulan, a auna fili, a yanka shi gida-gida, a rarraba ire-iren ta hanyar ƙuri'a domin kada wani ya sami gefen gona mai taki shi kaɗai. Bayan shuka akan ƙirga abin da ya tsiro, a rubuta ranar da rabin shukar ta yi fure, a duba ɓarnar ƙwari da cuta, a ƙirga wuta-wutar da ta fito a gindin kowane layi.

Haɗa wake barbara aiki ne na hannu mai laushi. Furen wake yakan yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Don haka da yamma ake zuwa a nemi tohon furen da zai buɗe washegari, a tsaga shi da ɗan hantsaki, a cire zarurrukan nan 10 masu ɗauke da garin fure ba tare da an ji wa tsakiyarsa rauni ba. Da sassafe a kawo garin furen ɗaya irin a shafa, a ɗaura alama mai ɗauke da sunan uwa da na uba. Furanni da yawa sukan zube, musamman idan da zafi. Babu laccar da take koyar da wannan. Sai mutum ya ɓata furanni masu yawa kafin hannunsa ya faɗa.

Zuriya ta farko duk kamanninta ɗaya. A ta biyu ne halaye suke rarrabuwa, a nan ne kuma ɗalibi yake ganin lissafin Mendel da ya haddace a aji ya fito a kan kunya: kashi 3 masu jure wuta-wuta, kashi 1 marasa juriya, idan ƙwayar halitta ɗaya mai rinjaye ce take ɗauke da halin. Daga nan ake ci gaba da zaɓe har zuriya ta 5 ko ta 6, sannan a shiga gwaji a wurare daban-daban, sannan a gonakin manoma.

Ga mai neman harawa, ma'aunin bai ƙare a ranar roron wake ba. Ire-iren gargajiya masu yaɗo ba sa fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Bayan an tsinke kwanson ake yanke yaɗon tun ganyen bai zube ba, a naɗe, a shanya, a auna nauyinsa busasshe, a raba ganye da tsinke domin a ga wanne ya fi yawa, tunda ƙarfin harawa a ganye yake. Sai a ɗora ta a kan rufin ɗaki ko a cikin rassan itace ta jira rani. Akan niƙa samfuri a kai ɗakin gwaji a auna sinadarin gina jiki da sauƙin narkewa. Hukuncin ƙarshe kuwa na rago ne: a ba shi ya ci na makonni, ana auna abin da ya ci da abin da ya rage da ƙibar da ya ƙara. Wannan yakan faɗo ne tsakanin Janairu da Mayu.

Inda Tsarin Yanzu Ya Gaza

Idan aka ɗora wannan jeri a kan kalandar makaranta sai a ga ba su haɗu ba. A Nijar babban hutu yakan kama daga Yuli zuwa Satumba. Ɗalibin da ya fita horo a lokacin ya rasa shirin iri da yankan fili, ya kuma koma aji a Oktoba, daidai lokacin da wake mai yaɗo yake fure. Ya ga ganye kore shar, amma bai ga harawa ba. A Nijeriya shekarar aikin gona ta ɗaliban noma ta fi tsawo, sai dai akan rarraba ta tsakanin sassa da yawa, kiwon kaji yau, kifi gobe, injinan noma jibi, ta yadda sashen inganta iri bai fi ƴan makonni yake samu ba. Yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2020 da ya kai wata 9 da na 2022 da ya kai wata 8, ya ƙara karkatar da zangunan karatu, har akan tura ɗalibai tashar bincike a tsakiyar rani, su tarar da fili fayau sai ƙura.

Matsala ta biyu ita ce irin aikin da ake ba ɗalibi. Sau da yawa akan mayar da shi ɗan ƙwadago marar lada: ya yi noma, ya ɗauki buhu, ya ƙirga ƙwaya, ba tare da an gaya masa tambayar da gwajin yake son amsawa ba. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, a zaunar da shi a ofis yana kwafe lambobin da wani ya tattara. A duka biyun yakan koma makaranta da littafin rahoto cike da sa hannu, kai kuwa babu abin da ya ƙaru da shi.

Ta uku ita ce raina fagen kansa. Ɗalibin da ya nuna hazaƙa akan ja shi zuwa masara ko shinkafa, inda kuɗin bincike ya fi yawa. Ko cibiyar WACCI ta Jami'ar Gana, wadda aka kafa a 2007 domin yaye masu digirin digirgir a fannin inganta iri, ƙarfinta ya fi karkata ga abincin mutane. Wannan ba laifi ba ne, amma ya bar giɓi. Ƙasashen da suka ga yadda fari ya karkashe dabbobi a 1973 da 1984, waɗanda kuma rikicin manoma da makiyaya a kan ciyawa yake cin rayuka a cikinsu, bai kamata su ɗauki binciken abincin dabbobi a matsayin ƙaramin aiki ba.

Gurbin Harshe A Cikin Aikin

A nan ne batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Darasin wake da na mukuna duk abu ɗaya suka nuna: masana sun kuskure ne a inda ba su saurari manomi da kyau ba. Sauraro kuwa da harshe ake yin sa. Bahaushe ya bambance harawa da kowa da ƙaiƙayi da dusa da ingirici, kowanne da darajarsa a wurin dabba. Ya bambance jigawa da fadama da fako. Yana da suna ga kyasuwa da burburwa da gadagi da ƙarangiya, ya san wadda take sa nono da wadda take cika ciki kawai. Takardar tambayoyi da aka rubuta da Faransanci ko Ingilishi, aka fassara a tsaye a gaban manomi, takan tattara duk waɗannan a cikin kalma ɗaya, ilimin da ke cikinsu ya zube.

Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 shi ma cike yake da sunayen ciyayi da ire-iren wake da dawa. Fiye da shekara 90 ke nan, wasu sunayen sun ɓace, wasu sababbi sun shigo, sunan tsiro ɗaya kuma yakan bambanta tsakanin Gobir da Damagaram da Kano. Babu abin da zai hana a haɗa ɗalibin sashen Hausa da ɗalibin noma su fita horo tare: ɗaya yana auna shuka, ɗaya yana naɗar bayanin manoma da makiyaya da kalmominsu, su fito da rahoto ɗaya. Haka ya kamata a yi da masu jin Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci.

Akwai kuma batun mata. A gidaje da yawa tumaki da awaki na mata ne, su ne masu kiwon ragon Layya, su ne suke ganin harawar da dabba ta cinye da wadda ta tattake. Ɗalibi namiji ba ya shiga kowane gida. Shirin horon da ba shi da ɗalibai mata ya rufe wa kansa ƙofar alƙalan harawa na gaskiya.

Hujjojin Masu Ganin Akasin Haka

Masu adawa da doguwar zama a tasha suna da hujjojinsu, ba kuma na banza ba ne. Na farko, kuɗi: cibiyoyin da suke fama da biyan ma'aikatansu, ina za su sami abin ciyar da ɗalibi shekara guda? Na biyu, amana: gwajin da aka shekara 5 ana yi, kuskuren ɗalibi ɗaya wajen musanya alama zai iya rushe shi. Na uku, guraben aiki a wannan fage kaɗan ne, don haka horar da mutane da yawa tamkar yi musu alkawarin da ba za a cika ba ne. Na huɗu, rashin tsaro ya sa wasu ƙauyukan da ake gwaji a cikinsu ba sa shiguwa.

Amsar ta farko da ta uku ɗaya ce: ba a ce a ɗauki kowa ba. Ɗalibai 3 ko 4 a kowace tasha, waɗanda aka zaɓa bisa sha'awa da ƙwazo aka kuma ba su alawus ɗin da zai riƙe su, sun fi 40 da za su zo su yi yawon buɗe ido su tafi. Wanda bai sami aikin bincike ba ma bai yi asara ba, domin kamfanonin iri da ƙungiyoyin manoma masu samar da iri da ayyukan farfaɗo da makiyaya duk suna neman wanda ya san yadda ake samar da iri mai tsabta, musamman na ciyayi irin gamba da irinsu yake da wuyar tattarawa da wuyar tsirowa. Batun amana kuwa, ɗan gajeren horo ne ya fi kawo kuskure, domin baƙo ne yake musanya alama, ba wanda ya yanka filin da hannunsa ba. Rashin tsaro gaskiya ne, amma tashoshi irin su Tarna a Maraɗi da Sadore da Samaru da Shika da Minjibir suna da ƙauyuka a kewayensu da za a iya aiki da su.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, jami'o'i da cibiyoyin bincike su ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa horon wannan fage zai fara ne a watan Mayu ya ƙare a Afrilu, ko da zangon karatu ya karkata. Inda ba zai yiwu ɗalibi ya zauna a jere ba, a raba zaman uku: damina, da kaka, da makonnin ciyar da dabbobi a rani, duk a kan gwaji ɗaya.

Na biyu, kowane ɗalibi a ba shi ɗan filinsa da tambayarsa, ko da ire-ire 10 ne kawai zai kwatanta. Ya shuka, ya auna, ya yi lissafin, ya tsaya gaban masana da manoma ya faɗi wanda ya zaɓa da dalilinsa. Idan sakamakonsa ya shiga wata maƙalar ilimi, a sa sunansa.

Na uku, a yi musayar ɗalibai tsakanin ƙasashen biyu. Tsakanin Maraɗi da Kano tafiyar yini ɗaya ce, harshen kasuwa da na gona ɗaya ne, amma ruwan sama ya bambanta. Ɗalibin da ya ga iri ɗaya a Tarna ya kuma gan shi a Minjibir ya fahimci tasirin muhalli a kan iri fiye da wanda ya karanta babi guda a kansa.

Na huɗu, a wajabta wa kowane ɗalibi rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa ko da harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu, a karanta musu, ko a watsa a gidan rediyon yankin. Wanda ya ba da gonarsa da lokacinsa yana da haƙƙin jin abin da aka gano.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Irin waken da zai ciyar da tumakin shekara 10 masu zuwa, yanzu ne ya kamata a haɗa iyayensa, wanda zai kammala aikin kuma yanzu yana aji. Gamba ta nuna cewa arzikin yana nan a bakin gona, wake mai amfani biyu ya nuna cewa ana iya yin aikin a nan gida idan an saurari manomi, sitailo da mukuna kuma sun nuna abin da yake faruwa idan an tsallake wani lokaci na shekara ko wata buƙata ta mai gona. Abin da ya rage shi ne hukumomin jami'o'i da na cibiyoyin bincike su yarda cewa tsiro ba ya bin jadawalin jarrabawa. A bar ɗalibi ya shuka da hannunsa a Yuni, ya naɗe harawarsa a Nuwamba, ya tsaya a gaban rago a Maris ya ga ko za ta ciwu. Daga nan ne za a iya cewa ya san makamar aiki.